Lambar Sirrin da Kowa Ya Sani Ban da Ni

Na daɗe ina jan ƙafa kafin in ɗauki biro. An gama girbi, an kai dammuna rumbu, sanyi ya zo ya wuce, ni ina nan ina saƙa da warwara. Wani lokaci in ce bari in rubuta, sai zuciyata ta ce: kai da iyakarka firamare, wa ya aike ka? Wani lokaci kuma tsoron ya sake kama, kada in je neman magani in ƙara yaɗa cutar, waɗanda ba su san da maganar ba su ji ta daga bakina. Na kuma ji nauyin makarantar da nake cin abinci a cikinta. Shi ya sa ba za a ga sunan kowa a nan ba, har da na makarantar da na ƙauyenmu. Ya isa a san cewa muna ƙasar Kebbe, inda hanya ke karya bayan babur, kuma idan muka ce za mu birni, Tambuwal muke nufi.

Ni maigadi ne a makarantar garinmu. Da firamare ta fara, daga baya aka ƙara mata ƙaramar sakandare a cikin shinge ɗaya, shi ya sa har yau shugabanta Hedimasta muke ce masa. Tun kafin a haifi 'yata ta fari nake riƙe da makullan makarantar nan. A tsirkiyar fata na zuba su, ina rataye da su a wuya ta cikin riga. Ina da wani hali da kowa ya san ni da shi: idan na datse kwaɗo na tafi, sai na dawo na girgiza shi, in tafi, in sake dawowa. Ba na iya cin tuwo da daɗi idan ban tabbata ba. Allo bai taɓa ɓata a hannuna ba, haka benci, haka ƙwallon yara. Wannan kaɗai nake da shi na tinƙaho a duniya.

Ina da taubashi, ɗan kawuna. Aji ɗaya muka zauna a firamare, benci ɗaya, kuma Allah shaida ne ni nake nuna masa lissafi. Da muka gama, kawu ya tura shi sakandare a Tambuwal, ni kuma mahaifina ya ce gona ba ta jira. Ya dawo hutu da farin wando da Turanci, ni ina da kanta a hannu. Bayan sakandare ya zauna a wani shagon kwamfuta a can Tambuwal shekara da shekaru, yana yi wa mutane rajistar jarrabawa da buga takardu. Ban taɓa yi masa fatan sharri ba. Amma duk sanda na gan shi, sai in ga kamar rigata ce a jikinsa.

Wasan taubasantaka kuwa bai taɓa yankewa tsakaninmu ba. Ni ɗan mace, shi ɗan namiji. Idan ya tarar da ni ina girgiza kwaɗo sai ya tsaya da babur ɗinsa ya ce, “Ɗan mace, kwaɗon ga ya gaji da kai. Ka bar shi shi huta.” Ni kuma in ce, “Wuce, ragon maza, wanda bai san gefen fartanya mai kaifi ba.” Mu yi dariya. Tasa dariyar har ciki take. Tawa iyakarta haƙori.

Wata shekara wata ƙungiya ta kawo mana kwamfutoci da sola. Aka gyara ɗaki guda, aka sa ƙofar ƙarfe, aka miƙa mini makullinta, na ji kaina ya yi girma. Sai aka ce ana bukatar wanda zai kula da su ya kuma koyar da yara. Ba a yi nisa da nema ba. Taubashina ya dawo gida, aka fara ce masa Malamin Kwamfuta. Kullum da safe ni zan buɗe masa ƙofa, ya shiga ya zauna ƙarƙashin fanka, ni in koma gindin darbejiyar bakin ƙofa.

Aikin farko da ya yi shi ne tattara bayanan yara. An ce daga yanzu rajistar jarrabawa ta intanet ake yi, don haka kowane yaro sai an ɗauki hotonsa, a rubuta sunansa da na mahaifinsa da lambar wayar gidansu. Ranar ɗaukar hoto babu farin bango, sai aka kawo farin ƙyalle, aka ce in tsaya bayan yara in ware shi da hannu biyu. Haka na wuni hannu a sama. Da aka zo kan 'yata, wadda a lokacin ba ta daɗe da shiga ƙaramar sakandare ba, na leƙo ta saman ƙyallen don in ga ko hijabinta ya zauna daidai. Taubashi ya ce, “Sauke kanka, ba kai muka ɗauka ba. Kar ka fasa muna kyamara.” Na sauke. Amma ƙyallen ya ɗan saki ta gefe guda, kuma yatsuna sun fito a kusurwar sama ta hotonta.

Na tambaye shi ina za a ajiye hotunan, don in san ko sai an ƙara kwaɗo. Ya ce ba a ɗakin kaɗai suke ba, akwai wani rumbu a intanet, duk inda mutum yake a duniya zai iya buɗe shi, muddin ya san lambar sirri. Na ce rumbun da ba shi da ƙofa ba rumbu ba ne. Ya ce, “Lambar ita ce ƙofar, ita ce kwaɗon, ita ce maigadin.” Bai san inda maganar nan ta same ni ba.

Hedimastanmu mutum ne mai tsoron Allah, kuma yana da dalilinsa. Wanda ya gada ya rasu farat ɗaya bai faɗa wa kowa inda ya ajiye takardar filin makaranta ba, aka sha wahala da masu gonakin maƙwabtaka. Tun daga nan ya ɗauki ƙa'ida irin ta iyayenmu: amana ba ta zama a hannun mutum ɗaya sai da shaidu. A garinmu ko akuya ka ba wani kiwo, sai ka kira wanda zai gani. Da ya ji cewa bayanan yara duka suna rataye a kan lambar da taubashina kaɗai ya sani, sai hankalinsa ya tashi.

Ina shara a baranda na ji su. Taubashi yana cewa, “Ranka ya daɗe, wannan ba a yi mata shaidu. Ni da kai mun isa.”

Hedimasta ya ce, “In muna mota ɗaya zuwa Tambuwal ta ƙwace fa?”

“Allah shi kiyaye.”

“Amin. Amma rai ba a hannunka yake ba, Malam. A kira mutane.”

Aka kira limamin unguwa, da shugaban ƙungiyar iyaye, da mataimakin Hedimasta. Ni na share ofis. Ni na shimfiɗa tabarma saboda liman ba ya son kujera. Ni na kawo ruwa a kofin silba. Da na gama sai na ja gefe na tsaya, don ban ga abin da zai sa a yi maganar makullin makaranta ba tare da mai makullan makaranta ba. Sai Hedimasta ya dube ni da fara'a ya ce, “Yawwa, ka tsaya mana a ƙofa ta waje, kada kowa ya matso.”

Na fita. Na ja ƙofa da hannuna. Na tsaya ina korar yara daga taga, ina gadin asirin da aka ga ban kai a faɗa mini ba. Har na matsa gaba kaɗan, don kada kunnena ya ɗauko abin da ba a ba shi ba. Ina jin liman yana maimaitawa ƙasa-ƙasa kamar mai hadda, ana gyara masa. Ranar nan ko furar da matata ta dama ban iya sha ba.

Abin da ya biyo baya ba wanda ya yi shi da mugun nufi. Duka mutanen kirki ne, kuma kirkin nasu ne ya jawo. Liman tsoho ne, ga lambar da haruffan boko a ciki, ya ji tsoron kada ya manta amana, sai ya faɗa wa na'ibinsa. Shugaban iyaye zai yi doguwar tafiyar fatauci, ya tara iyalinsa yana wasiyya kamar yadda aka saba, ya haɗa da lambar ya ba ƙanensa. Ƙanen ya adana ta a waya, wayar da yake bari wurin mai caji duk ranar kasuwa. Mataimakin Hedimasta aka yi masa canjin wurin aiki, ya damƙa wa wanda ya gaje shi, ya kuma tafi da ita a kansa. Kowa ya karɓi amana sai ya nemi nasa shaidar, shaidar ma ya nemi nasa.

Ni ina gefe ina ganin alamu. A majalisa bayan la'asar sai ka ji an ce “lambar nan” a yi murmushi. Ranar da abin ya fi ƙona mini rai, wani ɗan kabu-kabu ne ya ɗauko ni daga kasuwar Kebbe. Muna cikin gargada ya waiwayo ya ce, “Baba maigadi, ashe lambar makarantarku ba ta da wuya. Ko ni na riƙe ta.” Ya buɗe baki zai faɗa. Na saki buhun da nake riƙe da shi na toshe kunnuwana biyu, saura kaɗan mu faɗa rami. Ya ce, “Baba, mi na haka?” Na ce ya kula da hanya. Ba zan karɓi a kan babur abin da aka hana ni a ofis ba. Kuma idan na ji ta, to ta zama nauyi a wuyana, alhali ba wanda ya ɗora mini.

Washegari na tari taubashi a bakin ƙofa na ce, “Ɗan namiji, maigadin naka ya shiga kasuwa. Har 'yan kabu-kabu na ɗaukarsa.” Na ɗauka zai mayar mini da baƙar magana. Sai na ga fuskarsa ta canza, ya jingine babur ya wuce ofis kai tsaye. Ya roƙi Hedimasta a canza lambar a ranar. Hedimasta ya ce to idan an canza za a sake kiran shaidun? Taubashi ya ce a'a, ai daga nan matsalar ta fito. Hedimasta ya ce, “Wato in aika wa liman cewa mun gano bai iya riƙon amana ba? Mutumin da ya raɗa wa 'ya'yana suna?” Ya ce a bari sai bayan hutu, zai nemi hanyar da ba za ta ɓata wa kowa ba. Taubashi ya fito yana share gumi. Na so in ji daɗin ganinsa haka, kuma ba zan ce ban ji ko kaɗan ba.

Hutun bai zo ba sai da abin ya faru.

Wata hantsi ina zaune gindin darbejiya ina cin ƙosai, sai ga babur ya taho a guje ya tsaya har ƙafar mai tuƙin na jan ƙasa. Yayata ce, wadda ke aure a Dogon Daji, ta sauko mayafi na jan ƙasa, idanu sun kumbura. Gidana za ta, hanya ce ta biyo da ita ta ƙofar makaranta. Da ta gan ni sai ta ƙame.

“Auta? Kai na?”

“Ni ne, Yaya. Lafiya? Wa ya rasu?”

Ta matso ta kama kunnena ta murɗa, kamar yadda take yi mini muna yara. Na yi ƙara. Sai ta zube a ƙasa tana salati tana kuka tana dariya.

“Kai anka ce ka mutu! Ga shi kana cin ƙosai! Ka mutu ba a gaya min ba, nic ce wane irin zumunci na wanga, har na zagi matarka cikin mota.”

“Wa ya ce na mutu?”

“Waya tac ce.”

Ta kwance bakin zane ta fito da waya. Maƙwabciyarta ce ta turo mata, ita ma wata ta turo mata. Na karɓa na duba. 'Yata ce, da hijabin makaranta, da farin ƙyalle a bayanta. An rubuta sunanta cikakke. A ƙasa an ce marainiya ce, mahaifinta ya rasu bayan doguwar jinya, za a kore ta daga makaranta, ana neman bayin Allah su taimaka ta wani asusu. Na duba kusurwar sama. Ga yatsuna nan riƙe da ƙyalle.

Taubashi ya fito jin hayaniya. Ya karɓi wayar ya bi har ya gano shafin da abin ya fito. Ba 'yata kaɗai ba ce, akwai wasu yaran makarantarmu maza da mata, kowa da irin ƙaryar da aka ɗinka masa. Amma nata aka fi yaɗawa. Na ce ya karanta mini abin da mutane suka rubuta a ƙasa, ya ce ba sai na ji ba, na ce sai na ji. Wasu suna yi mini addu'a, Allah ya jiƙan mahaifinta, Allah ya sa ya huta. Wannan na iya ɗauka, addu'a ba ta ɓaci. Amma akwai wani mutum, ban san shi ba, ban san garinsu ba, da ya rubuta cewa a kwantar wa yarinyar nan da hankali, daga yau shi ne ubanta. Har yanzu ban manta da mutumin nan ba. Na san wataƙila mutumin kirki ne da aka cuta. Duk da haka ban yafe masa wannan kalmar ba.

Kafin azahar gari ya ɗauka. Wani uba ya zo ya janye 'yarsa daga aji a ranar, bai sake dawo da ita ba. Tawa kuwa ba ni na hana ta ba. Kwana biyu ta daure, 'yan mata a bakin famfo suna ce mata marainiya, ƙananan yara na miƙa mata guntun rake wai sadaka. A rana ta uku ta ninke hijabin makaranta ta sa a ƙasan akwati. Yarinyar da ke cewa malamar asibiti za ta zama, wadda ke shekarar ƙarshe ta ƙaramar sakandare, jarrabawa na tafe. Na lallashe ta, uwarta ta yi faɗa. Ta ce, “Baba, ba ni sake sa shi sai an cire hoton nan.” Ba ta ɗaga murya ba. Halina ta ɗauko, idan ta datse ta datse.

Na yi abin da na iya. Na je kasuwar Kebbe na sayo kwaɗo mafi girma da na samu, na ƙara a ƙofar ɗakin kwamfuta. Taubashi ya zo da safe ya tsaya yana kallonsa. Ya ce, “Marigayi, sannu da aiki.” Tun ranar da Yaya ta zo haka yake kirana. Sannan ya sassauta murya ya ce, “Ɓarawon ga bai biyo ta ƙofa ba, ɗan uwa. Yana iya zama Legas, yana iya zama bayan teku. Bai san ma akwai ka ba.” Don ya kwantar mini da hankali ya faɗa. Bai san ya ƙara mini ba.

Aka kira taron iyaye. Hedimasta ya miƙe ya ce laifin nasa ne, ya nemi gafara. Sannan ya ce don a san girman ɓarnar, duk wanda ya san lambar nan, ko ta wace hanya ya ji ta, ya ɗaga hannu saboda Allah. Liman ya fara ɗagawa. Na'ibi ya bi. Sai hannuwa suka riƙa tashi kamar gero bayan ruwan fari, har da mai caji, har da mai sayar da ƙosan da nake ci. Aka yi ta kallon juna, kowa na tuhumar na kusa da shi. Hedimasta ya waiwayo inda nake tsaye a bakin ƙofa ya ce, “Kai dai, Malam maigadi, babu ruwanka. Kowa ya shaida ba ka san ta ba.” Jama'a suka ce haka ne, Allah ya yi maka albarka.

Ya kamata in yi farin ciki. Amma na tsaya ina kallon hannuwan nan a sama, ina jin kamar an raba goron biki an tsallake ni. Ko zargi ban samu ba. A garin nan kaf, ni da jarirai ne kaɗai ba a ga mun isa a tuhuma ba.

Abin da taubashi ya yi bayan nan, dole in faɗe shi yadda yake. Ya canza lambar a gaban Hedimasta, su biyu kawai, ya haɗa ta da wayarsa yadda duk mai son shiga rumbun sai an turo wata sabuwar lamba ta wayar. Wannan karon ba a kira shaidu ba, ni ma ba a kira ni ba. Ya ce masu manhajar da shafin yake ciki suna sauke shafi idan mutane da yawa suka kai ƙara. Ranar kasuwa ya tsaya a rumfar mai caji tun safe har rana ta karkata, duk wanda ya zo karɓar waya sai ya nuna masa inda zai danna. Ya je Sanyinna ya yi haka, ya je Tambuwal wurin tsofaffin abokan aikinsa. Ni ina bin sa da ido, ba ni da wayar da ke shiga intanet balle in danna wani abu don 'yata.

Wata yamma ya yi sallama a ƙofar gidana. Ya ce a kira ta. Ya nuna mata waya ya ce, “Duba, ɗiyata. Babu shi. An rufe.” Ta duba, ta sake dubawa, sai ta durƙusa ta ce, “Baffa, Allah shi saka da alheri.” Ta shiga ciki da gudu. Ina jin ƙarar murfin akwati. Ta dama fura da hannunta ta kawo masa a ƙwaryar da ake ba ni. Ya sha, ya miƙo mini saura ya ce, “Marigayi, a sha, an tashe ka.” Na karɓa na sha, na yi masa godiya, kuma godiyar gaskiya ce. Amma ƙwaryar tawa ce, kuma saura aka miƙo mini.

Ta koma makaranta. Yanzu taubashi yana da darasi na musamman da yake yi wa yara kan kiyaye kai a waya, ita ce a sahun gaba. Ta dawo gida da “Baffa ya ce”. Baffa ya ce kada a faɗa wa kowa lambar da aka turo ta waya ko da ya ce daga makaranta yake. Baffa ya ce kada a karɓi katin ajiyar hotuna na waya daga hannun kowa a sa a kwamfutar makaranta. Baffa ya ce hoto idan ya fita kamar tsaba ce a iska. Da can “Baba ya ce” take cewa. Ni na koya mata ta girgiza kwaɗo kafin ta juya baya. Rannan na ga ta rufe ɗakin uwarta ta wuce ba ta girgiza ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban rubuta ba.

Bayan girbi na shiga mota zuwa Tambuwal. A Dogon Daji wasu mata biyu suka shigo suka zauna kusa da ni, baƙi ne, ba 'yan yankinmu ba. Ɗaya ta fito da waya tana nuna wa 'yar uwarta tana cewa Allah sarki, dubi yarinya ƙarama. Ba halina ba ne leƙen wayar mutane, amma farin ƙyalle ya ja idona. Hoton ne. An canza mata suna, an mayar da ita 'yar wata jiha, an ce yanzu ciwo take yi ana neman kuɗin yi mata aiki a asibiti. Uban dai har yanzu matacce ne. Na ce, “Baiwar Allah, wannan ɗiyata ce.” Ta dube ni daga hula har takalmi, ta jawo jakarta jikinta, ta kife wayar a cinya. Na ce ta duba kusurwar sama, yatsuna ne, na ɗaga hannuna ina nuna mata. Direba ya ce, “Tsoho, a bar mata su sarara.” Mutanen mota suka yi dariya. Ban san abin da ake tambaya ba, ko sunan shafin, ko wanda ya turo. Kafin in haɗa kalmomina mun iso tasha, suka sauka suka shige cikin mutane.

Ban faɗa wa 'yata ba. Jarrabawarta ta matso, kuma na san abin da ta ce game da hijabin nan, na san kuma za ta cika. Kullum idan ta fito da safe ina duban fuskarta, ko wata ta riga ta nuna mata. Idan waya ta yi ƙara a majalisa gabana sai ya faɗi.

Taubashi ma ban faɗa masa ba. Na san za a ce girman kai ne, kuma na faɗa wa kaina fiye da haka. Na yi wa kaina iyaka: idan zangon nan ya kusa ƙarewa ban samu hanya ba, zan je in same shi a ɗakinsa mai fanka in ce ɗan namiji, a sake taimakona, ya kira ni marigayi, in haɗiye. Karatunta ya fi ƙarfin zuciyata. Amma kafin nan ina so in gwada sau ɗaya. Ina so in zama ni ne zan yi sallama a ƙofar gidana in ce a kira ta.

Don haka ga roƙona ga mai karatu. Idan ka taɓa ganin hoton yarinya da hijabin makaranta, bayanta farin ƙyalle da ya saki ta gefe guda, da yatsun mutum a kusurwar sama, don Allah kada ka tura wa kowa, ko da niyyar taimako. Ka duba sunan shafin da ka gan shi da manhajar da yake ciki, ka sanar da ni ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu. Wanda kuma ya san aikin nan ya faɗa mini gaskiya: shin akwai hanyar tumɓuke hoto daga saiwa, ko sai dai a yi ta sarar reshe yana tohuwa? Akwai ofishin da ake kai irin wannan ƙara a kusa da mu, kuma suna sauraron wanda zai yi bayani da Hausa, wanda ba shi da babbar waya? Me zan riƙe in je da shi don su yarda ni ne uban, ina raye? A yi mini bayanin dalla-dalla, yadda mai firamare zai iya bi shi kaɗai.